Yadda zaka karanta abarejin mai bugu a besbol ba tare da lambar ta ruɗe ka ba

Duk wanda ya taɓa kallon wasan besbol ya ga wata 'yar lamba da ake mannawa a ƙasan sunan mai bugu da zarar ya shigo da kulkinsa, irin su .287 ko .312, an rubuta AVG a gefe. Ita ce batin abareji, kuma nima da ita na fara auna 'yan wasa, in naga mai .300 in ce gwani, in naga mai .230 in ce wannan kuma me ya kawo shi fili. Na daɗe a haka kafin na gane lambar rabin zance take faɗa.

Ka fara da sanin lissafin, dan ba wuya gareshi. Ka ɗauki yawan hit ɗin mutum, wato bugun da ya yi ya isa bes (ɗaya daga cikin tashoshin da mai bugu ke gudu ya taka) lafiya ba'a fitar da shi ba, ka raba da yawan atbat ɗinsa, wato shigowarsa bugu da aka ƙirga. Wanda ya samu hit 150 a atbat 500, abarejinsa .300 kenan, kuma "ɗari uku" ake karantawa, babu mai cewa ɗigo kaza. Kaga ashe ko gwanin ma sau 7 cikin 10 hannu rabbana yake komawa benci. Henry Chadwick, ɗan jarida haifaffen Ingila da ya taso da kurket, shi ake jingina wa yaɗa wannan lissafin tun ƙarni na 19, lokacin wasan bai zama yadda yake yau ba.

Inda gizo ke saƙa shi ne abinda ake kira atbat ɗin. Ba duk shigowar mai bugu ake ƙirgawa ba. In mai jifa ya jefa ƙwallo huɗu a waje aka ce masa wuce bes na farko kyauta, wato wok, abareji bata san an yi ba. In ƙwallo ta same shi a jiki ya wuce, shima bata ƙirga ba. Haka in ya sadaukar da kansa dan abokinsa ya matsa gaba. Amma in ya isa bes saboda mai tsaro ya yi kuskure, za'a rubuta masa atbat babu hit, abarejinsa ya sauka duk da gashi can tsaye a bes yana kakkaɓe wando.

A manyan lig na Amurka .300 bugu ne mai kyau sosai, wajen .245 zuwa .250 nan ne tsaka-tsaki a 'yan shekarun nan, .200 kuwa ana ce mata layin Mendoza, daga sunan Mario Mendoza wanda ya gama wasansa da .215, bawan Allah dai sunansa ya zama abin tsokana har yau.

Kafin ka yarda da kowace abareji ka duba sau nawa mutum ya shigo bugu. A watan Afrilu farkon kaka zaka ga wani da .410 ana ta ihu a kansa, ka leƙa sai kaga atbat 39 ne kawai da hit 16, wasa uku marasa kyau sun isa su dawo da shi ƙasa. Shi yasa MLB, hukumar manyan lig na Amurka, bata ba mutum kambun abareji sai ya shigo bugu sau 502 a kakar wasanni 162. Ko a cikakkiyar kaka ma ka lura, a atbat 500 tsakanin mai .300 da mai .270 hit 15 ne kacal, a wata shida fa, wasu daga ciki ƙwallo ce ta kuɓuce wa safar mai tsaro da faɗin yatsa. Ni dai in naga tazarar maki 20 ko 30, irin ta .300 da .270, bana ɗaga murya a musu.

Daga nan ka kawo OBP ka ajiye kusa da ita. Wannan tana ƙirga hit da wok da bugun jiki gaba ɗaya, tana faɗa maka sau nawa mutum ya shigo ba'a fitar da shi ba. Dalilin da yasa nafi ba ta muhimmanci shi ne besbol babu agogo, awut 27, wato fitar da ɗan wasa sau 27, kowace ƙungiya take da su a wasa, in sun ƙare shikenan, dan haka duk wanda baya ƙona awut yana tsawaita ran ƙungiyarsa ko da kulkin bai taɓa ƙwallo ba. Tsaka-tsakin lig yana wajen .310 zuwa .320, mai .370 ya yi kyau, mai .400 kuma sai dai a sara masa. Barry Bonds a 2004 ya samu wok 232, abarejinsa .362 amma OBP ɗinsa .609, kuma duk wok ɗin nan abareji ko ɗaya bata gani ba. Ba sabon tunani bane ma, Branch Rickey, wani shugaban ƙungiyar besbol, ya rubuta a kai tun 1954, sai dai sai wajen 2002 da ƙungiyar Oakland ƙarƙashin manajanta Billy Beane ta riƙa kwasar masu OBP da araha sannan kowa ya farka.

Ɗaya matsalar ita ce abareji duk hit ɗaya ne a wurinta, ɗan bugun da ya gangara ya wuce tsakanin masu tsaro da wanda aka cilla bayan katanga, wato hom-ran, ladansu ɗaya. SLG ce ke gyara wannan, bugun bes ɗaya maki 1, na bes biyu 2, na uku 3, hom-ran 4, a tara a raba da atbat. In ka haɗa OBP da SLG ka samu OPS, wanda ya haura .800 mai bugu ne na kirki.

Bari in nuna maka da mutum biyu, dan akansu muka taɓa kai ruwa rana da wani abokina har ya daina amsa min saƙo kwana biyu. Luis Arraez a 2024 ya ci kambun abareji na National League, ɗaya daga cikin lig biyu na MLB, da .314, hit 200 cif. Kyle Schwarber na Phillies a 2023 ya gama da .197, ƙasa da layin Mendoza, aka yi masa sitirak-awut, wato mai jifa ya fitar da shi bai buga ƙwallo cikin fili ba, sau 215. Abokina yace ai ko makaho ya san wa zai ɗauka. To amma Arraez wok 24 ya samu da hom-ran 4, Schwarber kuma wok 126 da hom-ran 47. OBP ɗin Arraez .346, na Schwarber .343, kaga kusan kunnen doki, tazarar maki 117 ta abareji ta narke ta koma maki 3. A SLG kuwa Schwarber .474 Arraez .392. Wato yawan isarsu bes kusan ɗaya ne amma ɗaya in ya taɓa ƙwallo nisa take yi. Ranar da na jera lambobin nan a takarda nima sai da na sake lissafawa, na zaci na yi kuskure.

Ka kuma tambayi shekara da fili. A 1968 masu jifa sun addabi kowa har Carl Yastrzemski ya ci kambun American League, ɗaya lig ɗin, da .301 kawai, abin ya kai a 1969 aka rage tsayin tudun mai jifa daga inci 15 zuwa 10. .301 ta wannan shekarar ba ɗaya take da .301 ta wajen 1930 ba lokacin da hit ke zuba kamar ruwa. Filin Coors na Colorado yana kan tudu kusan mita 1,600, iska bata da kauri ƙwallo tana tafiya, filin kuma ga faɗi, dan haka in kaga ɗan Rockies, ƙungiyar da ke wasa a filin, da abareji mai ƙiba ka duba me yake yi in sun fita waje.

In kana son ƙarin mataki ɗaya akwai BABIP, abarejin ƙwallayen da aka buga suka faɗa cikin fili kaɗai, babu hom-ran babu sitirak-awut. Na lig gaba ɗaya baya nisa da .290 zuwa .300. Mutumin da ya saba .300 kaga bana yana .380, yawanci sa'a ce ke tafe da shi kuma zata sauka, sai dai masu gudu sosai da masu buga ƙwallo da ƙarfi suna iya riƙe nasu a sama shekara da shekaru, dan haka da tarihin kansa zaka gwada shi.

Kar kuma ka ɗauka nace a jefar da abareji a shara, akwai masu lissafin da suka wuce gona da iri a nan. In abokinka yana bes na biyu an yi awut biyu, wok bazai kawo shi gida ba, hit ake nema, kuma a wannan lokacin irin su Arraez nake so in gani riƙe da kulki. Ga kuma tarihi da ke manne da ita. Ted Williams ya shiga ranar ƙarshe ta kakar 1941 da .39955, wadda in aka cike ta .400 ce, zai iya zamansa a benci ya tsira da ita, ya ƙi, ya buga wasa biyu a ranar da Philadelphia Athletics ya samu hit 6 cikin 8 ya gama da .406. Tun daga nan babu wanda ya sake kai .400 a American League ko National League, George Brett ya tsaya a .390 a 1980, Tony Gwynn .394 a 1994 da yajin aiki ya katse kakar. Amma ko shi Williams ɗin OBP ɗinsa a 1941 .553 ne, kuma .482 ɗinsa na duk rayuwa har yau babu wanda ya kamo.

A shafukan ƙididdiga zaka ga lambobi uku a jere da 'yar sanda a tsakani, kamar .314/.346/.392, ta farko abareji, ta biyu OBP, ta uku SLG. Ni yadda nake yi, in fara duba sau nawa ya shigo bugu, sannan in cire ta farko daga ta biyu, in tazarar ta kai maki 80 ko fiye mutumin yana da ido da haƙuri, in maki 30 ce to komai aka jefo dukansa yake. Sai in cire ta farko daga ta uku, .200 ko fiye ƙarfi ne na gaske, ƙasa da .100 kuma ɗan taɓawa ne kawai. Ka gwada da layin Schwarber, .197/.343/.474, zaka samu 146 da 277.