Kurakuran da ake yi wajen shimfiɗa hanyar tsakuwa a farfajiyar gida

Babban kuskure shi ne juye tsakuwa kai tsaye a kan ƙasa. Mutum ya share wuri, ya zuba baro 'yan kaɗan, ya baje da manjagara, ya ce an gama. Da ruwan sama ya jiƙa ƙasar sai ƙafa ta riƙa tura duwatsun cikin taɓo, ciyawa kuma ta leƙo ta ko'ina. Maganinsa a haƙa zurfin santimita 10 zuwa 15, a tsince saiwoyi, a daɓe ƙasar sosai. Sannan a zuba fasasshen dutse mai haɗe da garinsa, kaurin santimita 7 zuwa 10. Kada a zuba shi gaba ɗaya. A raba biyu, kowane kashi a yayyafa masa ruwa a daɓe. Ka taka da dunduniya ka gani: in ta bar gurbi, da sauran aiki. Wannan daɓen ne ke ɗaukar nauyi, kuma shi aka fi yi wa ha'inci don ba a ganinsa.

Masu gudun ciyawa sukan shimfiɗa leda a ƙasa. Leda tana tare ruwa, hanya ta zama kududdufi, daga baya ta yayyage ta fito sama. A sa yadin hana ciyawa wanda ruwa ke ratsawa, bakin wani ya hau kan wani da kamar santimita 10. Ko da shi ma sai an riƙa cire 'yar ciyawa, tunda iska na kawo iri ta sama.

Ita tsakuwar sama, yawanta ba alheri ba ne. In ta wuce santimita 5, tafiya a kanta kamar tafiya cikin rairayi ce, tayar baro kuwa nutsewa take yi. Santimita 3 zuwa 5 ya isa, kuma a zaɓi mai kaifi-kaifi, girman santimita 1 zuwa 2, domin tana cije juna. Mai santsi irin ta bakin kogi ta fi kyan gani, amma gangarawa take yi a ƙarƙashin ƙafa. Wanda ya riga ya cika ta, ya kwashe rarar da shebur ya ajiye don ciko.

Rashin iyaka a gefe yana sa tsakuwa ta watse cikin shuke-shuke. A kafa bulo, katako ko ƙarfe tun kafin a zuba komai, ya ɗara tsakuwar tsayi da santimita 2 zuwa 3.

Sai ruwa. A ba hanyar gangare na santimita 2 a kowace mita, ya kau da ruwa daga jikin ginin. Faɗi kuma kada ya gaza santimita 90 in baro zai bi.