Yadda Ake Samar da Rozenait a Gida Lokacin Hunturu

Akwai wani ma'adini fari mai suna rozenait wanda ba kasafai ake cin karo da shi ba. Gishirin ƙarfe ne, wato salfet na ƙarfe mai ɗauke da ƙwayoyin ruwa 4. A 1960 aka fara bayaninsa daga tsaunukan Tatra na ƙasar Poland, aka raɗa masa sunan masanin ma'adinai Zygmunt Rozen. Yakan fito kamar farin gari a bangon tsofaffin ramukan haƙar kwal da wuraren da dutsen fairait, wani dutse mai ƙarfe da ke ƙyalli kamar zinariya, ya daɗe yana shan iska da danshi. Kada ka wahalar da kanka da hawa Kufena nemansa. Abin da muke da shi a Zariya ya fi dutse amfani a nan: busasshiyar iskar Disamba zuwa Fabrairu.

Sirrin shi ne rozenait ɗan melantarait ne. Melantarait shi ma salfet na ƙarfe ne, amma kore ne, ƙwayoyin ruwansa 7. Idan danshin iska ya yi ƙasa da wajen kashi 60 cikin ɗari, sai ya saki guda 3 ya koma fari. Don haka uban za ka fara yi.

Nemi garin feros salfet, wato salfet na ƙarfen, a wurin masu sayar da kayan ɗakin gwaje-gwaje ko kayan noma. Sinadarin da ke cikin ƙwayar ƙarin jini ne, amma kada ka daka ƙwayoyin, rufinsu zai dagula maka ruwa. Ka tanadi kwalba mai murfi, tsumma mai tsabta, da sabuwar ƙusa wadda ba ta yi tsatsa ba.

Tafasa ruwa kofi ɗaya don iskar cikinsa ta fita, ka bar shi ya huce har yatsa ya iya jurewa. Nan mutane ke yin gaggawa su ɓata aiki: ruwa mai zafi sosai wani gishirin daban yake haifarwa. Zuba garin kaɗan-kaɗan kana juyawa, har ka ga ya ƙi narkewa ya kwanta a ƙasa. Tace da tsumma cikin kwalba, ka jefa ƙusar. Aikinta ta rage saurin juyewar ruwan zuwa launin tsatsa. A ɗakin gwaji malami kan ɗiga asid na salfa kaɗan saboda wannan. A gida ka haƙura da ƙusa.

Rufe, ka ajiye a lungu mai sanyi, gefen randa ma ya yi. Kada ka yi ta ɗagawa kana leƙe. Bayan kwana ɗaya ko biyu za ka ga ƙwayoyi masu kusurwa, kamar alif amma kore-kore mai ratsin shuɗi, suna ƙyalli, melantarait ɗin ke nan. Taushi gare su, farce ma yana iya kartar su.

Ciro biyu da cokalin roba, ka tsane su. Ɗaya ka kulle a ƙaramar kwalba, ɗaya ka ɗora a faranti kusa da taga inda rana ba ta bugu. Na tagar zai fara dishewa daga kusurwoyi, sai fari ya mamaye shi kamar ƙafar yaron da bai shafa mai ba, ƙarshe ya ruguje in ka taɓa. Farin nan shi ne abin da kake nema. In iska ta tsananta bushewa, wani sashe kan ƙara sakin ruwa ya zama zomolnokait mai ƙwayar ruwa 1, kuma ido ba ya rarrabe su. Sai na'urar eksire ta masu nazarin duwatsu. Da damina kuwa kada ka soma, rawaya kawai za ka samu.

Kana son tabbatar da ƙarfe ne a ciki? Jiƙa bagaruwa, ka ɗiga ruwanta a kan ɗan garin da ka narkar. Nan take zai yi baƙi ƙirin. Da irin wannan haɗin Turawa suka yi ƙarnuka suna yin tawada, su da ƙullutun da ke fitowa a jikin itacen oak, kuma shi ke sa fatar da aka jeme da bagaruwa ta yi baƙi idan ruwan ƙarfe ya taɓa ta.

Koren yana kama da alawa, kuma ƙarfe mai yawa yana kashe ƙaramin yaro. Ka rubuta suna a jikin kwalbar, ka ɗora ta inda hannun yara ba ya kai, ka wanke hannu kafin ka taɓa abinci.