Daga Jidda zuwa Dhuba kai kaɗai: yadda nake bin gaɓar Bahar Maliya zango-zango

Sau uku ina bin hanyar nan ni kaɗai a ƙaramar Corolla tawa, kuma duk sanda na dawo sai samarin unguwarmu ta Hindawiyya su tare ni da tambaya ɗaya: awa nawa ka yi? Tun daga tambayar ake ɓata tafiyar. Daga Jidda zuwa Dhuba kusan kilomita 800 ne, mai gaggawa zai cinye su a yini guda ya dawo ya ce bai ga komai ba sai kwalta da tireloli. Gaskiyarsa kuwa, domin babban titin, wanda ake kira lamba 5, a wurare da yawa yana nesa da ruwa. Teku na hannunka na hagu amma a ɓoye yake, sai ka sauka daga titi ka neme shi. Shi ya sa nake raba tafiyar zango huɗu, irin na fatake, kowane zango in isa masauki rana ba ta faɗi ba.

Ka fara da zaɓen lokaci. Daga Nuwamba zuwa Maris nake fita. Da zafi, tsakanin Yuni da Satumba, kwalta kan yi zafin da ke fasa tsohuwar taya, ga danshin teku da ke jiƙa maka riga kafin ka gama alwala. Da sanyin ma ka duba labarin yanayi, saboda lokacin ne ruwan sama ke sauka a duwatsun Hijaz ya gangaro kwaruruka zuwa teku. Wanda ya ga ambaliyar Jidda ta Nuwambar 2009 ba sai an yi masa bayani ba. In ka tarar da ruwa yana ƙetare titi, tsaya ka jira ya janye.

Takardu kuma babu wasa a kansu. Igama (katin izinin zama) mai rai, lasisin tuƙi, istimara (takardar rajistar mota), inshora, da shaidar fahas (gwajin lafiyar mota). In motar ba da sunanka take ba, mai ita ya yi maka tafwid, wato izinin tuƙa ta, ta manhajar gwamnati ta Absher tun kana gida. Akwai shingayen bincike a hanya, kuma zan faɗa a fili don na san halin da wasu 'yan'uwa ke ciki: wanda zamansa bai daidaita ba kada ya ɗauko wannan tafiya.

Kwana biyu kafin tashi nakan kai motar wurin wani dattijon bakanike, ɗan asalin Katsina, da ya shekara sama da 30 a garejin Jidda. Ranar farko da na gaya masa inda za ni, bai ce komai ba, ya tsuguna ya sa babban yatsa ya goge ƙurar gefen taya, ya nuna mini lambobi huɗu da ke jikinta. "Yaro, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Wannan ta haura shekara biyar. Zanenta bai cinye ba, amma robar ta bushe." Na ce, "Baba, ko za ta kai ni ta dawo?" Ya ce in canza biyun gaba ko in fasa tafiyar. Na canza. Ka sa a duba maka baƙin mai, ruwan lagireto, fanbel, batir da birki, sannan ka fito da safiya daga but ka gwada iskarta da idonka, ka tabbata jak yana ɗagawa. A but ɗin nakan sa katan biyu na ruwan sha, ƙaramin shebur, igiyar ja, famfon iska mai aiki da wutar mota, tocila, darduma da buta. Guzuri dabino ne da dambun naman da Inna ke yi mini, sai fulas na shayi.

Ga abin da ya fi duk waɗannan. Ka samu mutum ɗaya a gida wanda zai san inda kake. Ni Yayana ne. Kullum da safe in tura masa sunan garin da zan kwana, in na isa in kira shi. Mun yi da shi cewa in an yi isha'i bai ji ni ba, ya fara nema. Ka riƙe lambobin nan a ka, ba a waya kaɗai ba: 996 jami'an tsaron manyan hanyoyi, 997 motar ɗaukar marasa lafiya, 994 masu gadin iyaka, su ne ke kula da gaɓar teku.

Zangon farko, Jidda zuwa Yanbu, wajen kilomita 330. Ka tashi bayan asuba kafin titin Madina ya cika. Za ka wuce Zahban da Suwal, inda jami'ar kimiyya ta Sarki Abdullah take tun 2009, ka isa Rabig da hantsi. Kusa da nan ne Juhfa, miƙatin mutanen Sham da Masar da ƙasashen yamma, ya cancanci ka ratse ka yi nafila. Tun kafin Rabig ka riga ka haura tazarar ƙasaru, wato kimanin kilomita 80, don haka ka shirya sallolinka a kan hukuncin matafiyi. Bayan Mastura akwai mararrabar Badar. Ni ban taɓa wuce ta ba tare da na shiga ba. Ka tsaya a gefen maƙabartar shahidai ka yi musu sallama, ka dubi tudun rairayin da ke kewaye da filin da aka gwabza ranar 17 ga Ramadan shekara ta 2 bayan hijira, sai ka komo hanya.

Yanbu uku ce: ta masana'antu, wadda aka fara ginawa bayan 1975, inda bututun man da ya taso daga gabas ke ƙarewa, ta bakin teku, tsohuwar tashar jiragen masu zuwa Madina, da ta dabino can ciki wajen dutsen Radwa. Kada ka ɗaga waya ka ɗauki hoton matatun mai. Ka wuce ta bakin teku, ka kama ɗaki a gidajen haya na kwana, da dare ka taka zuwa tsohon gari inda Kasuwar Dare take. Ka zaɓi kifinka ɗanye, najil ko sha'ur, a soya maka, a haɗo da shinkafar sayadiyya.

Zango na biyu gajere ne, wajen kilomita 150 zuwa Umluj, kuma a nan tafiyar ke fara biyan ka. Ruwan yakan rabu kala-kala, fari-fari a bakin gaɓa, kore shar a tsakiya, shuɗi mai duhu inda murjani ya ƙare, ga tsibirin Jabal Hassan tsaye a gabanka. A nan ne kuma za ka ji sha'awar karkatar da sitiyari ka nufi ruwa kai tsaye, to saurara. Tsakanin titi da teku akwai filin da Larabawa ke kira sabkha. Samansa busasshe ne, fari-fari da gishiri, shimfiɗe kamar an daɓe shi, amma ƙarƙashinsa taɓo ne. A tafiyata ta farko na hau shi da la'asar. Ban yi taku 50 ba na ji motar ta yi nauyi, na ƙara wuta, tayoyin gaba suka tona rami suka zauna har gindin mota ya taɓa ƙasa. Da na fito, ƙafata ta nutse zuwa idon sawu, baƙin taɓo mai wari ya biyo takalmina. Awa biyu ina haƙa, sai da wani masunci ya zo da motarsa mai jan ƙafa huɗu ya tsaya can kan tsandauri, muka haɗa igiyarsa da tawa, ya fizgo ni. Ya ƙi karɓar ko riyal ɗaya.

Abin da na koya ke nan. Ka bi sawun da motoci suka riga suka daddale, kada ka buɗe sabo. In kana shakka, ka fita ka taka wurin da ƙafa tukuna. In ka ji taya ta fara juyawa a wuri ɗaya, ɗaga ƙafarka daga totur nan take. A busasshen rairayi rage iskar taya zuwa wajen 18 a ma'aunin PSI yana taimakawa, ka mayar da ita da famfonka kafin ka hau kwalta. A sabkha kuwa ba dabarar da ta wuce ajiye mota a kan tauri ka ƙarasa da ƙafa. In za ka shiga ruwa ka sa takalmin roba saboda ƙayar teku da kaifin murjani, kuma kai kaɗai kada ka wuce ƙugu. Wurin da aka kafa allon hani, ka bar shi.

Daga Umluj zuwa Wajh wajen kilomita 160 ne, kuma gidajen mai sun fara nisa da juna. Ƙa'idata ita ce tanki ya sauka rabi in cika, mai lamba 91 ya ishi irin motata. Kyamarorin Sahir masu kama gudun wuce ƙa'ida suna nan ko a inda ba kowa, ka bi abin da allo ya rubuta. Iskar arewa tana bugun mota daga gefe, musamman in tirela ta gifta, don haka hannu biyu a sitiyari. In barci ya fara fizgarka kada ka yi jayayya da shi, shiga gidan mai ka kwanta minti 20. Tuƙin dare kuwa na haramta wa kaina shi a wannan yanki saboda raƙuma. Raƙumi ba ya gudun fitila, kuma dogayen ƙafafunsa ne mota ke bugewa, gangar jikin ta faɗo kan gilashi.

Wajh ce na fi so duk hanyar. Tsohon garin yana kan gangare yana kallon tashar jiragen masunta, gidajen dutsen murjani ne da tagogin katako irin na Balad, tsohon garin Jidda, sai dai nan shiru, yawancinsu ba kowa ciki. Ka je da yamma liƙis, ka zauna a bakin tashar har a kira magariba. Kwana biyu nake yi a nan.

Zangon ƙarshe zuwa Dhuba wajen kilomita 150 ne, duwatsu suna matsowa kusa da ruwa. Kafin ka isa za ka ga ganuwar Azlam a gefen hanya, ɗaya daga masaukan ayarin alhazan Masar da ke bin wannan gaɓa a kan raƙuma. Nakan tsaya in leƙa, in tuna kakana da ya taso daga ƙasar Kano a ƙafa, ya ratsa Sudan, ya ƙetaro wannan ruwa daga Sawakin. A Dhuba akwai ganuwar Sarki Abdul'aziz ta 1933, kuma daga tashar yankin jiragen ruwa ke ƙetarawa Safaga ta Masar. Arewa da nan ƙasar aikin gina sabon birnin Neom ce, wurare da dama an killace su, don haka ni a Dhuba nake juyawa. Komowa nakan raba ta biyu, in kwana a Yanbu, in shiga Jidda kafin azahar, in wuce wurin wanki a wanke ƙarƙashin motar saboda gishiri.