Yadda Za Ka Sa Python Ta Aiki Wata Manhaja, Ta Jira Har Ta Gama

A shagonmu na kwamfuta da ke Ƙofar Ƙaura, idan lokacin miƙa furojet ya zo, fayilolin Word na ɗalibai kan yi mana yawa. Sai na rubuta ɗan shirin Python da zai sa LibreOffice, wata manhajar ofis da ke iya buɗe fayilolin Word, ta mayar da su PDF, sannan ya kwafe su cikin filashin mai aiki. Da Popen na fara, wato wata hanya a Python ta aiken wata manhaja. Bayan la'asar wata ɗaliba ta dawo da filashi a hannu, ta ce, "Malam, ai babu komai a ciki." Na ji kunya ƙwarai. Ashe Popen aike kawai yake yi, ba ya jiran ɗan aike ya dawo. Shirin ya wuce wajen kwafi tun LibreOffice ba ta gama buɗe fayil ɗin ba.

Abin da ya kamata ka ɗauka shi ne subprocess.run, wanda ya shigo da Python 3.5 a 2015. Shi ba ya barin layi na gaba ya motsa sai manhajar da aka aika ta rufe.

```
import subprocess
s = subprocess.run(
    ["soffice", "--headless", "--convert-to", "pdf", "babi na daya.docx"],
    check=True, timeout=120, capture_output=True, text=True)
```

Da farko, rubuta umarnin a jere, kowane yanki da gurbinsa (soffice shi ne sunan da ake kiran LibreOffice da shi). Ta haka sunan fayil mai tazara a tsakiya, irin wanda ɗalibai suka fi sakawa, zai isa yadda yake. Ka guji shell=True, wanda ke miƙa umarnin ga mai fassara umarnin kwamfuta, matuƙar sunan daga hannun wani ya fito, domin ana iya cusa mugun umarni a cikinsa.

Sai check=True, kuma nan ne na fi so ka tsaya. Duk manhajar da ta gama aiki tana barin lamba: 0 na nufin lafiya lau, wata lambar kuwa akwai matsala. In ba ka sa shi ba, Python za ta karɓi lambar ta yi shiru, ta ci gaba kamar ba abin da ya faru. In ka sa, za ta tsaya da CalledProcessError, ka kama shi da except, ka karanta stderr ɗinsa, wato inda saƙon kuskure ke fita, ka ga ƙorafin manhajar. Abin da capture_output ke ajiye maka ke nan, shi kuma sai Python 3.7 zuwa sama.

Shi timeout da daƙiƙa yake lissafi. In 120 ta cika manhajar tana maƙale, a kashe ta, TimeoutExpired ya fito.

Duk da haka, ni ba na sakin jiki da 0 kaɗai. Kafin kwafi, shirina kan duba da os.path.exists ko PDF ɗin ya samu, ya kuma auna nauyinsa da os.path.getsize.

In kuwa dole sai Popen, misali kana son ayyuka biyu su tafi tare, to ka kira communicate a kan kowanne, domin ya jira aikin ya gama, kafin ka taɓa abin da suka fitar.