Yadda Ake Zaɓar Manhajar Girkanci Ga Ƙananan Yara Masu Karatu a Gida

Kafin a sayi kowane littafi, a fara yanke shawarar wane Girkanci ake so yaro ya koya, domin iri uku ne a kasuwa kuma littafin ɗaya ba ya maye gurbin ɗaya. Akwai Girkancin zamani da ake yi a Girka da Saifurus. Akwai Koine, wato Girkancin da aka rubuta Sabon Alkawari da shi. Sai na Atika, harshen Plato da marubutan tsohon birnin Atina. Mai son yaro ya yi hira da mutane, na zamani zai ɗauka. Mai son karatun nassi, Koine. Na Atika a bar shi sai yaro ya kai shekara 12 ko fiye. Athenaze, alal misali, littafi ne mai kyau amma an yi shi don manyan ɗalibai.

Abu na biyu shi ne lafazi, kuma a nan aka fi tafka kuskure. Yawancin littattafan Koine da ake bugawa a Amurka suna bin lafazin da ake jinginawa ga Erasmus, wani malami ɗan ƙasar Holan da ya yi rubutu a kan batun a 1528. A wannan tsari β tana daidai da "b", kuma kowane wasali da sautinsa. A bakin Girkawan yau kuwa β ta koma "v", sannan η da ι da υ da ει da οι duk "i" ake furta su. Lafazin Erasmus ya fi sauƙi wajen rubutu, tunda abin da kunne ya ji shi hannu zai rubuta. Na zamani shi ne wanda za a samu waƙoƙi da bidiyon yara da shi barkatai. Kowanne aka ɗauka a tsaya a kansa. Idan littafi yana bin Erasmus, ana kuma kunna wa yaro waƙoƙin Girka da yamma, zai riƙa karanta kalma guda iri biyu, daga nan sai ya fara tsoron karatu da ƙarfi. Littafin yara mai suna Song School Greek na zuwa da sautin lafazin biyu; a zaɓi ɗaya tun ranar farko.

Sai a buɗe samfurin littafin a ga yadda yake koyar da baƙaƙe. Haruffan 24 ne. Ga ɗan shekara 5 zuwa 7, harufa biyu ko uku a mako sun isa, minti 10 zuwa 15 a rana, kwana huɗu a mako, ka ga cikin wata biyu zuwa uku an gama. Matakin farko na jerin littattafan Hey, Andrew! Teach Me Some Greek! kusan baƙaƙe kawai ya ƙunsa, kuma hakan daidai ne. Littafin kirki zai ja kunne a kan haruffan da ke yaudarar mai karatun boko: Ρ mai kama da P alhali "r" ake furtawa, ν mai kama da v alhali "n" ce, ω mai kama da w alhali wasali ce. Sigma tana da siffa biyu, σ a farko da tsakiyar kalma, ς a ƙarshe. Saboda wannan ruɗani, kada a fara wa yaron da bai zauna da a-ba-ca-da ba. A jira ya iya karanta gajerun jimloli tukuna. A guji littafin da ke rubuta kalmomin Girkanci da haruffan boko a ƙarƙashin kowane layi har bayan babin baƙaƙe, don idon yaro can zai riƙa gudu.

Yaron da ya tashi da Hausa yana da riba guda: kunnensa ya saba bambanta dogon wasali da gajere, don haka bambancin ο da ω ko ε da η a tsohon lafazi ba baƙo ba ne gare shi. Inda zai sha wuya shi ne π da φ, tunda Hausa ba ta raba "p" da "f". A ware wa waɗannan biyun mako guda, da sautin da aka naɗa, ba bakin uwa ko uba kaɗai ba.

Nahawu kuwa a yi masa sannu. Sunaye suna da jinsi uku, kuma ƙarshen suna yana sauyawa gwargwadon aikinsa a jimla: siga biyar a tsohon harshe, huɗu a na zamani. Manhajar da ta jibga wa ɗan shekara 6 jadawalin waɗannan sigogi ba tasa ba ce. A wannan shekaru kalma biyar a mako, da gaisuwa da ƙirga da waƙa, sun wadatar. Jadawali sai wajen shekara 9.

A tabbatar akwai littafin malami mai amsoshi, musamman idan iyayen ma tare da yaron suke koyo. Wanda zai buga darussa a gida ya gwada shafi guda tukuna: tsohon Girkanci yana da alamomi da yawa a kan wasula, kuma rubutun kwamfuta da bai san su ba sai ya fitar da ƴan akwatuna, amma salon rubutun kwamfuta mai suna Gentium yana ɗaukar su duka. Na zamani kuwa alamar ƙarfafa sauti ɗaya ce ta rage masa tun 1982. Ga masu bin sa, Cibiyar Harshen Girka da ke Tasalonika tana shirya jarrabawar matakin A1, wato matakin farko na koyon harshe, ta musamman ga yara masu shekara 8 zuwa 12, kuma ana iya auna kowace manhaja da abin da jarrabawar ke tambaya.