Yadda Ake Raba Firiza da Warin da Ya Kama Ta

A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Maraɗi ke haura digiri 40, ɗaukewar kuran, wato wutar lantarki, ta kwana biyu ta isa ta lalata duk naman da ke cikin firiza. Firizar da take cike, matuƙar ba a buɗe ta ba, takan riƙe sanyinta kusan awa 48, wadda take rabi kuwa awa 24 ne, kuma a irin zafinmu bai kamata a dogara da cewa za ta kai haka ba. Da zarar nama ya saki, jininsa yakan tsiyaye ta bakin leda ya kwanta a ƙasa, idan kuran ya dawo sai komai ya sake daskarewa kamar ba abin da ya faru. Haka ta same mu wata shekara bayan Sallar Layya, da muka yi tafiya muka bar cinyar rago da kayan ciki a ciki. An wanke firizar sau uku da sabulu, an fesa turare, amma duk ƙanƙarar da aka saka sai ta fito da ƙarni, har masu sayen zoɓon da ake ƙullawa a gidan suka janye. Abin da muka gane daga baya shi ne, warin yana ɓoye ne a wuraren da soso bai taɓa kaiwa ba.

Da farko a zare wayar daga bango, a kwashe komai. Naman da ya canza launi, ko ya yi yauƙi, ko ya fara tashi, a zubar da shi ba tare da ɗanɗanawa ba, domin sanyi ba ya kashe ƙwayoyin cuta, tsayar da su kawai yake yi, kuma wasu daga cikinsu suna barin dafin da dahuwa ba ta kawar da shi. A bar murfin a buɗe ƙanƙarar jikin bango ta narke da kanta, ko a ajiye kwanon ruwan zafi a ciki don ta yi sauri. Kada a kuskura a ɓanɓare ta da wuƙa: bututun da iskar sanyi ke bi suna kwance dab da bangon, huji ɗaya ya isa ya kai firiza wurin mai gyara.

Wankin farko na ruwan ɗumi ne da sabulun wanke kwanuka, don a ɗauke maiƙo da jini. Bayan haka sai a duba irin warin, domin ba magani ɗaya ke yi musu duka ba. Ƙarnin kifi da na jini sun fi jin tsami, saboda haka sai a gauraya ruwan khal, wato binegar, da ruwa rabi da rabi, ko a matse lemun tsami da yawa, a shafe ko'ina a bar shi minti 15. Warin nono, kindirmo ko man shanu da ya lalace kuwa shi kansa tsami ne, maganinsa bikarbonat, wato farin garin soda na girki, cokali biyu a lita ɗaya ta ruwan ɗumi. Mutane da yawa suna haɗa binegar da bikarbonat wuri guda don sun ga yana kumfa, alhali kumfar alama ce ta cewa kowanne ya kashe ƙarfin ɗan'uwansa. A yi amfani da su ɗaya bayan ɗaya, a ɗauraye a tsakani. Wanda bai samu bikarbonat ba zai iya jiƙa 'yar kanwa ya tace, sai dai firizar da cikinta na alminiyam ne kanwa tana dusashe ta, don haka a hanzarta ɗauraya.

Idan nama ne ya ruɓe, akwai buƙatar ruwan jabel, wato bilicin wanki mai kashe ƙwayoyin cuta, cokali ɗaya a lita huɗu ta ruwa, a shafa, a jira minti biyar, a ɗauraye sosai. Ina roƙon mai karatu ya kiyaye wannan: ba a taɓa haɗa jabel da binegar ko lemun tsami, domin suna fitar da iska mai guba da ke ƙona huhu. A yi aikin a fili ko a buɗe tagogi.

Yanzu sai wuraren ɓoye, inda aikin gaskiya yake. Robar bakin murfi tana da lanƙwasa, idan aka buɗa ta da yatsa za a ga baƙin datti da busasshen jini sun taru a ciki. Tsohon buroshin haƙori ne ya dace da ita. Sai ramin zubar da ruwa da ke ƙasan firizar kwance, wanda ake toshewa da 'yar roba: a cire marfin, a zura buroshi, a kwarara ruwan bikarbonat har ya fita ta waje fes. A gidanmu nan ne muka tarar da guntun jini da ya daskare kamar ƙaro. Firizar tsaye kuma sau da yawa tana da wani faranti a baya, a saman injin, inda ruwan narkewa ke taruwa, zafin injin yana dafa shi yana tura warin cikin ɗaki. Kwanduna da akwatunan roba a fito da su a wanke daban, a shanya su.

Bayan wanki a goge da busasshen tsumma, a bar murfin a buɗe kwana biyu zuwa uku a inuwar da iska ke kaɗawa. Gidan da ke da ƙananan yara a sa ido, ko a tokare murfin da itace a ɗaure, kada yaro ya shiga wasan ɓuya ya rufu a ciki.

Sauran warin da roba ta sha gawayi ne ke janye shi. A farfasa sabon gawayin girki ƙanana, a baza a faranti biyu ko uku, a cusa tsofaffin jaridu da aka dunƙule a sauran wurin, a rufe, a kunna firizar ba abinci har kwana uku, ana sauya gawayin kullum. Garin kofi ma yana taimakawa. Turare dai a bar shi, rufe wari yake yi na ɗan lokaci, sannan ya shiga abinci. Gwajin ƙarshe mai sauƙi ne: a daskarar da ruwa a buɗaɗɗen kofi, a narkar, a sansana.

Idan an yi duk wannan sau biyu warin bai tafi ba, mai yiwuwa ruwan naman ya bi ta wata tsaga ya shiga soson da ke tsakanin bangon ciki da na waje, inda wanki ba ya kaiwa. A nan sai a kira mai gyaran firigo ya duba ko za a iya cire wurin da ya jiƙe a toshe tsagar, kafin a sake amincewa da ita da abincin iyali ko ƙanƙarar sayarwa.