Yadda za ka gwada tsohuwar motar tsere da kanka kafin ka shiga musu

Wannan musun na cewa tsofaffin motocin tsere sun fi na yanzu rai, yawancin masu yinsa wallahi a bidiyo kawai suka ga motocin. To malam idan Allah ya haɗa ka da ɗaya, ko ta aro ce ko wadda kake son saya, ga yadda za ka gwada ta har ka gane abin da ake ta kwakwazo a kai.

Ka je da sassafe, kuma ka ce wa mai motar kar ya tayar da ita kafin ka iso. Ɗora hannu a kan bonet ka ji ko da ɗumi, in da ɗumi to an riga ka, dillali ya san abin da yake ɓoyewa. Irin su Datsun 240Z da ta fito a 1969, mai silinda 6 da kafireta 2, ba ta tashi haka nan kamar ta zamani, sai ka ja cok, ka ɗan taɓa totur, ta yi tari ta yi kakari sannan ta daidaita, kai kuma kana zaune kana saurare har ƙanshin fetur yana shigo maka ta taga. Kar ka yi gaggawar jan ta, bar ta ta ɗau zafi. Ka leƙa salansa, hayaƙi mai shuɗi-shuɗi yana nufin tana shan baƙin mai, baƙi kuma fetur ne ya yi yawa.

Abin da ya fi komai muhimmanci shi ne sitiyari, a nan ne duk maganar take. Ka samu titi mai ɗan gargada da kwana, ba sai ka yi gudu ba, kilomita 50 zuwa 60 a awa ya isa, ka sassauta riƙo ka bar yatsunka su ji. A tsohuwar mota duk tsakuwar da taya ta taka sai ta zo hannunka, in ka shiga kwana sitiyarin zai yi nauyi, in tayoyin gaba sun fara sulɓewa sai ka ji ya yi sakayau tun kafin motar ta nuna. A sabuwa kuwa injin lantarki ne ke taya ka juyawa kuma yana tace yawancin wannan motsi, shi ya sa da Porsche ta saka wa 911 sitiyarin lantarki a 2011 masoyanta suka yi ta ƙorafi, kamar dai yadda suka yi a 1998 da aka daina yin mai injin da iska ke sanyayawa. Amma fa ka bambance, sitiyarin da ke wasa kana juya shi taya ba ta motsa ba, wannan ba rai ba ne, lalacewa ce, aikin bakanike ne.

Sai kuloci da giya. Ka sauko daga 3 zuwa 2 kafin kwana, ka ɗan bugi totur a tsakani don injin ya haɗu da gudun taya, in ka dace za ta shige sumul, in ka kuskure za ta fizge ka. Sababbi da yawa kwamfuta ce ke yi maka wannan, kuma gaskiya ta fi ka iyawa, sai dai ba kai ka yi ba.

Kunne ma kar ka yarda da shi ido rufe a sabuwar mota, BMW M5 ta 2011 ta sifika take ƙara wa direba ƙarar inji a cikin mota. Sauke gilashi ka ji ta waje.

Ni dai a ganina rabin abin da ake kira rai rashin nauyi ne. Mazda MX-5 ta 1989 ba ta kai tan 1 ba, dokinta wajen 115 ne kacal, amma duk inda ka nuna ta nan take bi, in ka samu irinta ka fara da ita don ba ta da wahalar sha'ani.

Birki kuma ka gwada shi a fili inda ba kowa. Mercedes ta fara saka ABS na zamani, wato na'urar da ke hana taya kullewa in ka taka birki, a 1978, ESP kuma, mai hana mota sulɓewa, a 1995, motar tseren da ta girmi wannan ba abin da zai cece ka in bayan motar ya ƙwace, musamman a kan yashin da ke taruwa a gefen titunanmu.

In saya za ka yi, ɗaga kafet ka duba tsatsa a ƙasan bodi, ka bi gefen ƙofofi da maganaɗisu, inda bai kama ba to an cike ramin ne an fesa fenti. Ka bar ta a kunne da rana tsaka ka ga ko lagireto zai jure, don zafin Afrilu a Kano ba wasa ba ne. Sannan kafin ka biya ko sisi ka zaga Ƙofar Ruwa ko Panteka ta Kaduna ka tambayi kayan gyaranta, ka kuma nemo tsohon bakanike wanda ya taso a kan Peugeot 504, shi ne zai iya saita maka kafireta da kunne, yaran yanzu na'ura suke jonawa kuma wannan motar ba ta da inda za a jona.